Katin Biki Ba Shara Ba Ne: Yadda Gidajen Kunduru Za Su Riƙe Ranakunsu

Da zarar kaka ta kama, an yanke gero da dawa an kai amfani gida, sai hidimomi su ɓarke a ƙasar Kankiya. Daga Kunduru da Gyaza zuwa Rimaye da Kafin Soli, har ƙauyukan Kusada, da wuya mako ya wuce ba a ɗaura aure a wani masallaci ko ƙofar gida ba. Kusan kowane aure kuwa da katinsa. Abokan ango su tara kuɗi su buga na maza, ƙawayen amarya su buga na mata, a bi majalisu da gidaje ana rabawa, wani lokaci haɗe da alewa ko cingam. Bayan an shafa fatiha an watse, akasarin katunan nan a bola suke ƙarewa, ko a hannun yara, ko a hura wuta da su.

Mai riƙe da katin bai cika lura da abin da ke hannunsa ba. A kan 'yar takardar nan akwai sunan gidaje biyu da suka ƙulla surukuta, da sunan ango da amarya, da rana da wata da shekara, da wurin da aka taru. Akwai kalmar "marigayi" a gaban sunan uban da bai ga ranar ba. A ƙasa akwai jerin masu gayyata, wato abokai da 'yan uwan da suka tsaya a kan lamarin. Auren karkara ba a cika yi masa rajista ba. Waliyyi da wakili da shaidu da sadakin da aka bayyana a bainar jama'a su ne hujjarsa. Saboda haka a gidaje da yawa katin nan shi kaɗai ne rubutun da ya rage game da ranar da aka kafa gidan.

Kafin kati, akwai goro da ƙafa

Bahaushe ya daɗe da hanyoyinsa na gayyata da na tuna rana, tun kafin injin ɗab'i ya iso. Idan aka haihu, maigida ya sayi goro ya aika wa dangi da maƙwabta da abokan arziki, kowa ya san ranar da za ta zagayo ita ce suna. Idan aure ne, tsohuwar gida ta ɗauki mayafi ta bi dangi ɗaki-ɗaki. Ranar kasuwa kuma ita ce gidan waya: wanda zai ci kasuwar wani gari a ɗora masa sallahu ya isar. Shi ya sa ake cewa zumunta a ƙafa take. Har yau akwai dattijon da ko an aika masa kati mai ruwan zinariya ba zai ɗauka an gayyace shi ba sai an taka an je an durƙusa an ce, "Baffa, an sa rana, mun zo mu shaida maka."

Ranar haihuwa kuwa a jikin suna ake ɗaure ta. Ladi da Ɗanladi na Lahadi ne, Altine ta Litinin, Talatu ta Talata, Laraba da Balarabe na Laraba, Lami da Ɗanlami na Alhamis, Jummai da Ɗanjuma na Juma'a, Asabe da Ɗan'asabe na Asabar. Azumi da Ɗan'azumi sun zo duniya a watan Ramadan, Tasalla da Sallau da salla, Marka a tsakiyar damina, Anaruwa ana tsuga ruwa. Watanni ma da sunayen da mata suka fi riƙewa: watan Cika-ciki, watan Mauludi, Azumin Tsofaffi, Ƙaramar Salla, Babbar Salla.

Shekara ce ke ba da wahala, don haka aka riƙa jingina ta da babban abin da ya faru. Kakanninmu sun yi lissafi da yunwar Kakalaba ta wajejen 1914, da rasuwar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1944, da zamanin Sarki Usman Nagogo wanda ya kai 1981. Iyayenmu suka ɗora da shekarar canjin hannu, 1972, lokacin da motoci suka koma bin dama. Da shekarar da naira ta maye gurbin fam, 1973. Da fara karatun firamare kyauta na 1976. Da canjin kuɗin Buhari na 1984. Da ranar da aka cire Katsina daga Kaduna aka ba ta jiha, 23 ga Satumba 1987.

Wannan lissafi yana aiki fiye da yadda 'yan boko suke zato. A ce yarinya ta tambayi kakarta, "Iya, yaushe aka haifi Babanmu?" Tsohuwa ta ce, "Ranar Alhamis ce, cikin azumi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Shagari bai daɗe da hawa ba." Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma ko goma sha ɗaya, don haka azumi yana zagaya damina da kaka da hunturu da bazara, ya dawo inda ya taso bayan kimanin shekara 33. Azumin 1980 a watan Yuli ya kama, haka ma na 2013. Shehu Shagari kuwa ya hau mulki a Oktoban 1979. Da waɗannan kalmomi na tsohuwa kaɗai, mai haƙuri zai iya taƙaita ranar zuwa Alhamis huɗu ko biyar na shekara ɗaya ko biyu. Matsalar ita ce, duk wannan taska a ƙirjin mutum ɗaya take. Ranar da aka kai Iya makwancinta, an tafi da ita.

Rubutun malamai da littafin biki

Ba za a ce ba mu da gadon rubuta rana ba. A gidajen malamai, idan aka buɗe gafaka, akan tarar da sunayen 'ya'ya da ranakun haihuwarsu da ajami ko Larabci a bangon wani littafi ko a wani falle da aka soke a tsakiya. Malaman jihadi da mawallafan waƙoƙin ajami sukan rufe aikinsu da ramzi, wato haruffan da idan aka lissafa su za su ba da shekarar da aka gama rubutun. Allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani shi ma shaida ce ta rana mai girma, ana rataye shi a ɗaki shekara da shekaru.

A ɓangaren mata kuma akwai lissafin biki. Wadda ta kawo miki gudummawa ranar sunan ɗanki, ko auren 'yarki, tana da haƙƙi a kanki ranar da nata ya taso, kuma sau da yawa da ƙari ake mayarwa. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta wallafa littafinta kan rayuwar karkarar Hausa a 1972, ta yi bayanin wannan al'ada. A da da ka ake riƙe lissafin. Da karatu ya yaɗu, sai ga 'yar makaranta zaune kusa da uwar biki da littafi da biro tana rubutawa: Gwaggo wance turmin atamfa, maƙwabciya wance kuɗi kaza, matar Kawu kwanon shinkafa. Malamai sun sha yin wa'azi kan ninkin da ke mayar da kyauta bashi, kuma suna da gaskiya. Amma shi littafin, idan aka duba shi bayan shekara ashirin, ya wuce lissafin kuɗi. Shi ke nuna wanda ya tsaya wa gida ranar da ake buƙatarsa.

Zamanin ambulan da katin zaɓe

Katin gaisuwa irin na kanti daga Ingila ya taso. A 1843 wani mutum a Landan mai suna Henry Cole ya sa aka zana masa katin Kirsimeti aka buga kwafi dubu, shekara uku bayan an sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa a ƙasar zuwa kwabo ɗaya. Da al'adar ta iso ƙasar Hausa ta hannun makarantu da ofisoshi, sai ta sa rigar gida, ta zama katin barka da salla. Waɗanda suka yi makarantar kwana a shekarun 1970 zuwa 1990 sun san shi: hoton masallaci ko jinjirin wata ko fure, a rubuta 'yan kalmomi a ciki, a liƙa kan sarki, a kai gidan waya. Mutumin ƙauye yakan ari akwatin gidan waya na makarantar firamare ko na ƙaramar hukuma, wasiƙa ta iso hannun hedimasta, a ba yaro ya kai gida.

Sai dai katin da ya fi shiga jinin mutanen karkara shi ne katin zaɓe. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya shahara da shirin Zaɓi Sonka, gidajen rediyo na jihohi suka bi sahu. Mutum ya sayi kati, ya rubuta sunansa da garinsu, ya jera waɗanda yake gaisarwa, ya aika. Ranar da aka karanta, tela a shagonsa da manomi a gindin bishiya da ɗan cirani a Legas duk su ji. Har ƙungiyoyin 'yan zaɓi sonka aka kafa gari-gari, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka san juna ta suna, suka riƙa halartar bikin juna. Ƙauyuka da dama ta wannan kati aka fara jin sunansu a duniya.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, saƙon tes ya kashe kasuwar katin salla, daga baya WhatsApp da Facebook suka ƙarasa. Yanzu katin ɗaurin aure yakan iso waya kafin na takarda ya bar wurin mai ɗab'i, kuma wannan sauƙi ne da ba mai musunsa: ɗan Kunduru da ke neman kuɗi a Abuja ko Fatakwal yana samun labarin haihuwa kafin a yanke cibi. Amma abin da ke waya bai da tabbas. Waya takan faɗa ruwa, a sace ta, ta cika a goge hotuna, ko a sayar da ita ranar da aka matsu. Katin salla na 1985 yana nan a ƙasan adakar wasu iyayenmu, hoton katin auren bara kuwa ya bi tsohuwar waya.

Ranar da ake neman kwanan wata

Wani zai ce, mene ne abin damuwa a kan tsohon kati? Amsar tana fitowa ranar da hukuma ta nemi takarda. Shiga makaranta, jarrabawar gama sakandare, lambar zama ɗan ƙasa, buɗe asusun banki, fasfon aikin Hajji, ɗaukar aikin soja ko ɗan sanda, duk sai an faɗi rana da wata da shekara. Dokar 1992 ta wajabta yi wa kowane jariri rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma haihuwar gida da yawa ba ta kaiwa ga wannan rajista. Sai yaro ya girma a tafi kotu a yi takardar rantsuwa, a ƙiyasta shekara, a ɗora masa 1 ga Janairu. Bayan wasu shekaru a ga kwanan watan da ke takardar firamare daban, na katin ɗan ƙasa daban, na banki daban, a shiga zirga-zirgar gyara da kashe kuɗi. Katin suna ba takardar hukuma ba ne, amma gidan da ya adana shi ya san gaskiyar ranar, kuma zai faɗi abu ɗaya a ko'ina.

Haka abin yake a sha'anin shari'a da gado. Yaushe aka ɗaura auren? Wa ya riga wani rasuwa, uban ko ɗan? Yaushe takaba ta fara, yaushe za ta cika wata huɗu da kwana goma? Tambayoyi ne da kan raba 'yan uwa idan kowa da abin da ya tuna.

Amma babbar asarar ba a ofis take ba, a zumunci take. Ɓacin ran da ya fi daɗewa a dangi shi ne na "ai ba ku gaya mana ba." An buga kati ɗari biyu, an raba wa abokan kasuwa, an manta da ƙanwar kaka da ke aure a wani ƙauyen Ingawa. Ba don ƙiyayya ba, sai don wadda ta san da ita ta rasu, ba a kuma rubuta sunanta a ko'ina ba. Daga mantuwa ɗaya sai a daina zuwa, daga daina zuwa sai 'ya'ya su tashi ba su san juna ba. Ga kuma halin rashin tsaro da ya tarwatsa iyalai a sassan jihar Katsina, wasu sun bar garuruwansu da abin da hannu ya iya ɗauka kawai. A irin wannan zamani dangi na buƙatar abin da zai riƙe sunayensu wuri ɗaya.

Wajibi ne a fayyace wani abu a nan, domin jama'armu suna da taka-tsantsan a kan abin da ya shafi addini. Ba ana kira a kwaikwayi bikin zagayowar ranar haihuwa ko yanka kek ba ne. Wannan magana ce da malamai suka yi bayani a kanta, kowa kuma ya san inda ya tsaya. Riƙe rana daban, yin shagali daban. Wanda ya san bara war haka aka yi wa maƙwabcinsa rasuwa, zai leƙa ya ga marayu. Wanda ya san matar ƙaninsa ta kusa arba'in, zai aika da sabulu da ɗan abin kunu. Sada zumunci umarni ne na addini, kuma ba a sada abin da aka manta.

Akwati ɗaya, littafi ɗaya

Manomi ba ya barin damin gero a tsakar gida ya ce zai tuna inda ya ajiye. Rumbu yake yi masa. Ranakun gida ma haka suke buƙata, kuma abin da za a kashe bai kai kuɗin buga katunan biki ɗaya ba.

Abu na farko shi ne mazubi. Abokan gabar takarda a gidan ƙasa sanannu ne: gara, ɓera, kyankyaso, yoyon damina da gobara. Ƙarƙashin katifa da saman bango da bayan hoto duk ba wurin ajiya ba ne. Ƙaramin akwatin ƙarfe ya fi, ko babban gwangwani mai murfi, ko kwalla cikin jeren uwargida. A sa takardun cikin leda mai kauri bayan an tabbatar sun bushe, a jefa ƙwayar kafur, a ɗora akwatin a kan wani abu kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango. Idan damina ta wuce a buɗe a sha iska a inuwa.

Na biyu shi ne rarrabewa. Manyan ambulan huɗu sun isa. Ɗaya na haihuwa da suna, a haɗa da katin awo da na rigakafi da takardar haihuwa. Ɗaya na aure. Ɗaya na rasuwa. Ɗaya na karatu da sauran abin farin ciki: sauka, gama makaranta, tafiya Hajji, naɗin sarauta, tarewa a sabon gida. A cikin kowane ambulan a ware na 'yan gida daga na dangi da abokai. Ba kowane kati ake ajiyewa ba. Na gida da na dangi na kusa da na aminai su ne dole, kuma kwafi ɗaya ya wadatar. Kalandar biki da ake rabawa, kafin a sauke ta daga bango a yanke wurin da ke ɗauke da suna da kwanan wata.

Na uku, kuma shi mutane suka fi sakaci da shi, rubutu a bayan kati. Kati yana faɗin abin da aka shirya ne, ba abin da ya faru ba. Sau nawa ake ɗaga biki saboda rasuwa ko rashin lafiya bayan an riga an buga kati? A juya bayansa a rubuta ranar da aka yi da gaske, da wanda ya yi walicci, da sadaki, da dangantakar mai katin da gidan: "'yar Kawu ce, jikar wane." Layi biyu ne, amma su ne za su yi wa jikoki bayani.

Na huɗu shi ne littafin gida. A sami littafi mai kaurin bango. Rabin farko a ba kowane wata na Musulunci shafi biyu, daga Muharram zuwa Zulhajji, domin da su gida yake rayuwa. Duk abin da ya faru a shigar da shi a watansa da kwanan wata iri biyu, na Hijira da na Miladiyya, da sunan ranar mako. Rabi na biyu a jera dangi gida-gida: na wajen uba, na wajen uwa, surukai, da garin da kowa yake da lambar wayarsa. Wannan jeri shi za a buɗe kafin a raba goro ko kati, a bi shi suna-suna. Wanda boko bai zauna masa ba ya rubuta da ajami. Abin da ake so shi ne a iya karantawa.

Sai a ɗora wa mutum ɗaya alhakin littafin. Kayan kowa da kowa ba shi da mai shi. A gidaje da yawa 'yar sakandare ko matashin da ke Islamiyya ne ya fi dacewa, uwargida kuma ta riƙe makullin akwati. Duk sanda aka sanar da ganin sabon wata, a buɗe shafinsa a karanta wa mutanen gida: a wannan wata Inna ta cika shekara uku da rasuwa, a yi mata addu'a, a wannan wata ɗan Yaya zai isa yaye, a wannan wata ne auren gidan Baffa. Waya kuma a ba ta aikin da ta iya: a ɗauki hoton kowane kati da kowane shafi a tura wa 'yan uwa biyu ko uku da ke wasu garuruwa, don ko wani abu ya sami akwatin. Katin da ya zo ta waya kaɗai, idan na jini ne, a kwafe bayaninsa cikin littafi a ranar.

Tarihin da ba mai rubuta mana

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, suna riƙe da labarin sarakuna da hakimai da Turawan mulki da 'yan siyasa. Ba za ka je can ka tarar da ranar da kakarka ta tare ba, ko shekarar da kakanka ya taso daga wani gari ya sari daji ya kafa gida a Kunduru. Tarihin talaka idan gidansu bai riƙe shi ba, babu mai riƙe masa.

Masu buga kati za su iya taimakawa ta hanyar sa kwanan wata iri biyu da cikakkiyar shekara a kowane kati. Limamai da masu unguwanni, waɗanda ba a suna ko aure ko jana'iza sai da su, za su iya ajiye littafi a masallaci ko a zaure. Malaman firamare da na Islamiyya za su iya ba ɗalibai aikin gida: kowa ya je ya rubuto sunayen kakanninsa huɗu da garuruwansu.

Amma aikin gaggawa yana cikin gida. Duk gidan da Allah ya bar masa tsoho ko tsohuwa mai sauran tunani, kada a jira wata kakar. A sayi littafin a wannan makon, a shimfiɗa tabarma bayan sallar isha'i, a ce, "Iya, faɗa mana daga farko, wa ya haifi wa, kuma a wace shekara." A rubuta yadda ta faɗa, da azumin damina da canjin kuɗi da duk abin da ta jingina da shi, lissafin shekarun zai biyo baya. Abin da ba zai jira ba shi ne bakin da zai faɗa.